Mura da Tarin Yara: Yaushe Ake Bukatar Antibayotik?

Masu sauraro, ku ɗan matso da rediyon kusa, don zancen yau na 'ya'yanmu ne.

Yau za mu tattauna a kan mura da tari da ciwon maƙogwaro na yara. Za mu kuma tattauna a kan magungunan da ake kira antibayotik, wato magungunan kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya. Kun san su. Amoxil, Ampiclox, Septrin, da kafson nan mai ja da rawaya. Akwai na haɗiya, akwai na gari da ake zuba wa ruwa a girgiza, akwai na allura.

Ga maganar da nake so kowa ya riƙe. Antibayotik ba ya maganin mura. Bari in sake faɗa. Antibayotik ba ya maganin mura. Amma akwai ranar da shi ne zai zama sanadin ceton ran yaro, da yardar Allah. Aikinmu yau mu koyi bambance waɗannan ranaku biyu.

Shirin namu kashi biyar ne. Mece ce mura. Me ya sa muke ganin kamar maganin yana aiki. Wace illa yake yi idan an sha ba bisa ƙa'ida ba. Yaushe ake bukatarsa da gaske. Sai kuma abin da za mu yi wa yaro a gida.

To, mu fara da kashi na farko. Mece ce mura?

Hunturu ya shigo. Iska ta bushe, hazo ya rufe gari, ƙura ta cika ko'ina. Yaro ya dawo daga makaranta yana atishawa. Washegari hanci na zuba. Da dare jiki ya ɗan yi ɗumi, tari ya fara. Bayan kwana biyu ƙaninsa ya ɗauka, sai kuma jaririyar da ke goye.

Wannan ita ce mura. Tana kama saman hanyar numfashi, wato hanci da maƙogwaro. Huhu yana can ƙasa cikin ƙirji. Mura zalla ba ta kai gare shi ba.

Me ke kawo ta? Mun saba cewa sanyi ne, ko shan ruwan randa, ko wankan yamma. Gaskiya ne sanyi da ƙura suna busar da hanci. Suna kuma sa mu cunkushe a ɗaki ɗaya, ƙofa da taga a rufe, cuta ta samu hanyar yaɗuwa. Amma ainihin mai kawo mura ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani. Tana bin atishawa, tana bin tari, tana bin hannun da ya share hanci.

Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Biyu ne suka shafe mu yau: bakteriya da bairos.

Bakteriya halitta ce mai zaman kanta. Tana ci, tana girma, tana rabuwa gida biyu ta hayayyafa. Tana da ɓawo da ya kewaye jikinta. Magani irin Amoxil wannan ɓawon yake lalatawa, sai ta fashe ta mutu.

Bairos kuwa ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba shi da irin wannan ɓawon. Shiga yake yi cikin ƙwayoyin halittar fatar hanci da maƙogwaro, ya ɓuya a ciki, ya hayayyafa. Idan antibayotik ya shiga jiki, ba ya samun abin da zai kama a jikin bairos. Haka zai wuce shi.

Mura kuma bairos ne ke kawo ta.

Manoma, ku kun fi kowa gane wannan. Maganin ciyawa daban, maganin ƙwari daban. Idan tsutsa ta shiga masara, ba wanda ke ɗauko maganin ciyawa. Ko ka ninka shi, tsutsa tana nan, kuɗi sun tafi, wataƙila ma shukar ta ƙone. Haka antibayotik yake a kan mura.

Bairos masu kawo mura sun haura iri 200. Shi ya sa ƙaramin yaro lafiyayye yakan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara. Garkuwar jikinsa tana koyon su ne ɗaya bayan ɗaya. Don haka, uwa, idan ɗanki yana yawan mura amma yana ci, yana wasa, yana girma, kwantar da hankalinki.

Mura tana da kwanakinta. Takan tsananta a kwana na biyu da na uku. Daga nan ta fara sauka. Cikin kwana 7 zuwa 10 yawanci ta wuce. Ɗan busasshen tari yakan rage bayanta har wajen mako biyu. Garkuwar jikin yaro ce ke korar ta.

Wannan ya kawo mu kashi na biyu. Idan haka ne, me ya sa muke ganin kamar maganin yana aiki?

Ku biyo ni wani kemis a unguwa, bayan sallar magariba. Wata uwa ta shigo da yaro a kafaɗa.

Ta ce, "Malam, yaron nan yau kwana uku yana mura. A ba ni mai ƙarfi."

Ya ce, "Hajiya, majinar ta yi kauri?"

Ta ce, "Ta yi kauri, har ta koma kore."

Ya ce, "To, sai an haɗa masa da Ampiclox."

Ta kwance bakin zani. Kuɗin ba su kai na kati guda ba. Ya ɓallo mata kafso huɗu, ya ƙulla a leda. Ta je gida, ta buɗe kafso ɗaya, ta zazzage garin a cokali, ta ɗura wa yaro yana kuka. Bayan kwana biyu yaro ya warware, yana guje-guje a tsakar gida. Uwa ta ce, "Kai, maganin nan akwai kyau."

Masu sauraro, ku lura da lissafin kwanakin. A kwana na uku ta sayi magani, lokacin da mura ta kai ƙarshen ƙarfinta. A kwana na biyar yaro ya samu sauƙi, lokacin da dama mura take sauka da kanta. Da ba a ba shi kafson ba, a ranar zai warware. Jikin yaron ne ya yi aikin, kafso ya karɓi godiya.

Sai maganar majina. Mutane da yawa sun ɗauka idan majina ta koma rawaya ko kore, lallai sai antibayotik. A'a. Majinar mura takan fara tsararo kamar ruwa. Bayan kwana biyu ko uku ta yi kauri, ta canza launi. Launin nan na fararen ƙwayoyin jini ne, waɗanda jiki ya turo su yaƙi cutar. Koriyar majina ita kaɗai ba hujjar shan antibayotik ba ce.

Akwai kuma masu cewa, "Bari a ba shi tun yanzu, kada ta sauka ƙirji." Niyyar tana da kyau. Amma likitoci sun gwada wannan a kan yara masu mura zalla. Antibayotik bai rage musu kwanakin ciwo ba, bai kuma zama katangar da iyaye ke zato ba. Abin da ke kare yaro shi ne idon uwa da na uba a kan numfashinsa. Za mu zo kan wannan.

Haka ma al'adar ɗiga wa jariri sabon haihuwa Ampiclox, wai don a wanke masa jiki. Lafiyayyen jariri nonon uwa yake bukata. Jaririn da ba shi da lafiya kuwa asibiti yake bukata, ba ɗigon kemis ba.

Yanzu kashi na uku. Wani zai ce, "To, ko bai yi amfani ba, ai ba zai cutar ba." Yana cutarwa, ta hanya uku.

Hanya ta farko, jikin yaron. A cikin hanjin kowane yaro akwai bakteriya masu amfani. Suna taimaka wa narkar da abinci, suna tare wa miyagun ƙwayoyi wuri. Antibayotik ba ya tambayar wace ce ta gida, wace ce baƙuwa. Duka yake ɗauka. Shi ya sa yaro zai fara magani don mura, ya ɓuge da gudawa. Kun kuwa san abin da gudawa ke yi wa ƙaramin yaro. Wani yaron ƙuraje ne za su feso masa. Wani farin abu ya rufe masa harshe, ya kasa kama nono. Wani kuma jikinsa bai karɓi maganin ba sam, fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe. Kafson nan mai ja da rawaya, wanda likitoci ke kira tetracycline, yana ɓata launin haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba, ɓacin da ba ya goguwa.

Hanya ta biyu, ɓata lokaci. A ƙasarmu zazzaɓin yaro yana iya zama na cizon sauro. Idan an tsaya ana ɗura kafso kwana uku, maleriya tana can tana cin jini. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi, a yi masa gwajin maleriya a ranar. Ɗigon jini ɗaya ne a ɗan yatsa, cikin mintoci sakamako ya fito.

Hanya ta uku ita ce mafi girma, don ta shafi kowa. Ita ce bijirewar ƙwayoyin cuta, wato bakteriya ta daina jin magani.

Ga yadda abin ke faruwa. Duk lokacin da yaro ya sha antibayotik, bakteriyar da ke jikinsa suna haɗuwa da maganin. Masu rauni su mutu. 'Yan kaɗan masu taurin kai su tsira. Waɗanda suka tsira su hayayyafa, su cike gurbin waɗanda suka mutu. Daga jikin yaron su bi hannu, su bi bayan gida, su bi ruwan sha, su shiga jikin 'yan uwansa da maƙwabta. Ranar da ɗayansu ya kamu da ciwo na gaske, a ba shi maganin da aka saba, ya ƙi ci. A koma mai tsada, shi ma ya ƙi. A koma allura, a kwanta asibiti, a sayar da akuya, a sayar da hatsi.

Wannan gargaɗi tsoho ne. Alexander Fleming, masanin da ya gano penisilin a birnin Landan a 1928, ya karɓi kyautar Nobel a 1945. A jawabinsa na karɓar kyautar ya yi kashedi cewa shan maganin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Abin da ya ji tsoro ya faru.

A 2022 mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa wani babban bincike na duniya baki ɗaya. Ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1 da dubu 270 sun mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani. Kusan ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Idan kuma aka auna da yawan jama'a, yankin da abin ya fi muni shi ne Afirka ta Yamma. Wato mu. Saboda girman matsalar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware 18 zuwa 24 ga Nuwamba na kowace shekara don faɗakarwa a kanta.

Ku tuna, antibayotik shi ake dogaro da shi ga jaririn da cuta ta shiga jininsa. Shi ake ba matar da aka yi wa tiyatar haihuwa. Shi ake ba mai taifot. Idan mun ƙarar da ƙarfinsa a kan mura, da me za mu tare waɗannan?

Ga kashi na huɗu, kuma shi ne zuciyar shirin. Wanda ke aiki ya ɗan dakata. Yaushe ake bukatar antibayotik da gaske?

Na ɗaya, nimoniya, wato ciwon sanyin haƙarƙari. A nan cuta ta sauka cikin huhu. Nimoniya tana cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara a Najeriya da Nijar. Takan fara kamar mura. Abin da ke tona ta shi ne numfashi.

Bari in koya muku ƙirga numfashi. Ba a bukatar na'ura, agogon waya ya isa. Ki jira yaro ya natsu, ba yana kuka ba, ba yana shan nono ba. Idan barci yake yi ya fi. Ki kwantar da shi a cinyarki. Ki ɗaga rigarsa, ciki da ƙirji su fito fili. Maigida ko babbar yarinya ta riƙe waya, ta duba minti ɗaya cif. Ke kuma ki zuba ido a kan cikin yaron. Ya ɗaga ya sauka, ɗaya ke nan. Ya ɗaga ya sauka, biyu. Haka har minti ya cika. Idan ya motsa ko ya yi kuka, ki bari ya natsu ki sake.

Ga lambobin da za ku riƙe, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara 1, numfashi 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye. Zan maimaita. 60 ga sabon jariri. 50 ga ɗan goye. 40 ga mai tafiya da ƙafarsa. Wanda ya kai wannan adadi, a kai shi asibiti a ranar.

Bayan ƙirga, ki dubi ƙasan haƙarƙarinsa. Lafiyayyen yaro idan ya ja numfashi, ƙirji da ciki tare suke tasowa. Idan kika ga ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, huhu yana wahala. Wannan ma asibiti ne, ba jira. A nan ne amoxicillin ke aikinsa na gaskiya, a hannun ma'aikacin lafiya, da adadin da ya dace da yaron.

Na biyu, wani nau'in ciwon maƙogwaro. Yawancin ciwon maƙogwaro na bairos ne, yana zuwa tare da majina da tari, ya tafi tare da su. Amma akwai na bakteriya, wanda ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Alamarsa zazzaɓi mai zafi, haɗiya da ƙyar, farar mugunya a gefen maƙogwaro, da kaluluwa mai ciwo a wuya. Yawanci babu tari, babu majina. Wannan yana bukatar antibayotik na kwana 10 cur. Idan aka yi sakaci da shi, yana iya komawa ciwon gaɓoɓi, daga baya ya lalata ƙofofin zuciya.

Na uku, mashaƙo. A ƙarshen 2022 wannan cuta ta ɓarke a arewacin Najeriya, ta fi tsanani a Kano, ta kuma taɓa sassan Jamhuriyar Nijar. Yara da yawa sun rasu, akasarinsu waɗanda ba a yi wa rigakafi ba. Alamarta ciwon maƙogwaro, da wata fata mai launin toka da ke shimfiɗuwa a can ciki, da wuya ya kumbura, murya ta dushe. Kada a kankare fatar. Kada a tsaya kemis. Mashaƙo yana bukatar allurar karya dafi tare da antibayotik, kuma a asibiti ake samun su.

A nan zan roƙi iyaye da kakanni. Idan yaro yana ciwon wuya, kada a kai shi wurin wanzami a cire belu. Belu ba shi ne ciwon ba. Yankan yana jawo zubar jini, yana buɗe wa cuta ƙofa, yana kuma cinye lokacin da ya kamata a ce yaro yana gaban likita.

Na huɗu, kunne. Idan yaro yana kuka yana jan kunne, ko mugunya tana fita, a kai a duba. Ma'aikacin lafiya ne zai ce ko yana bukatar magani. Kada a ɗiga mai ko ruwan ganye a ciki.

Sai alamomin haɗari, waɗanda ba a kwana da su a gida. Yaro ya kasa shan nono ko ruwa. Yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa. Yana jijjiga ko taune-taune. Ya yi laushi, ana tashinsa ba ya farkawa sosai. Numfashinsa yana ƙara alhali yana kwance shiru. Leɓensa ya canza launi. Ko jaririn da bai kai wata 3 ba jikinsa ya yi zafi. Ko da tsakar dare ne, a nemi abin hawa.

Haka kuma, zazzaɓin da ya wuce kwana 3, ko ya tafi ya dawo, a koma asibiti. Tarin da ya wuce mako 2, a je a bincika, don kada ya zama asma ko tarin fuka.

Mun iso kashi na biyar. Yaro yana mura, numfashinsa daidai, yana sha, yana ɗan wasa, gwajin maleriya bai nuna komai ba. Me za a yi masa?

A ba shi abin sha da yawa. Mai shan nono a ƙara masa nono, ko da kaɗan-kaɗan ne a kai a kai. Wanda ya wuce wata 6 a ba shi ruwa, da kunu, da koko, da romo mai ɗumi. Kada a hana shi abinci.

A buɗe masa hanci. Akwai ruwan gishiri na ɗigawa a hanci da ake sayarwa a kemis. Ɗigo ɗaya ko biyu kafin shan nono, sannan a share da tsumma mai laushi. Jariri da hanci yake numfashi lokacin da yake tsotso, shi ya sa toshewar ke sa shi fushi. Kada a cusa masa man zafi a hanci. Kada kuma a yi wa ƙaramin yaro sirace da tafasasshen ruwa, yara da yawa sun ƙone ta haka.

Don tari, zuma. Rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya kafin barci, ko a cikin ruwan ɗumi da ɗan lemon tsami. Amma ku ji sharaɗin da kyau. Sai yaron da ya cika shekara 1. Jaririn da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma, don tana iya ɗauke da ƙwayar da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna.

Don zafin jiki, farasitamol na yara, gwargwadon nauyin yaron, kada ya wuce sau 4 a yini da kwana. A yi amfani da murfin awo, ba cokalin cin abinci ba. Kada a ba yaro asfirin, ko garin maganin ciwon kai na manya.

Maganin tari na kwalba kuwa, ƙananan yara ba sa bukatarsa. Mai kodin ma Najeriya ta haramta yin sa da shigo da shi tun 2018. A 2022 kuma yara kusan 70 suka rasu a ƙasar Gambiya bayan shan gurɓataccen maganin tari da mura, wanda ya lalata musu ƙoda. Kowane magani za ku saya, ku duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa.

A nisanta yaro da hayaƙi. Hayaƙin itace, na taba, na turaren wuta, da na maganin sauro, duk suna tsawaita tari.

Idan kuwa likita ya duba ya rubuta antibayotik, to a ba shi haƙƙinsa. A sayi cikakke, ba rabi ba. A ba da shi a kan lokaci. A cika kwanakin da aka faɗa, ko da yaro ya warware. Na gari a haɗa shi da ruwan da aka tafasa ya huce, daidai layin da ke jikin kwalbar. A girgiza kafin a zuba. A ajiye a wuri mai sanyi. Abin da ya rage a zubar, kada a ɓoye don wata rana, kada a ba ɗan maƙwabciya.

Idan kuma likita ya ce mura ce, a je gida a ba shi ruwa da farasitamol, kada ku ce bai iya aiki ba. Ya duba ƙirji, ya duba wuya, ya duba kunne, ya ga babu abin da antibayotik zai kashe. Ku tambaye shi alamar da za ta sa ku dawo.

'Yan uwana masu kemis, ku ne na farko da uwa ke zuwa wurinsu. Amana ce a hannunku. Antibayotik magani ne da doka ta ce sai da takardar likita. Ku koyi ƙirga numfashi. Mai mura ku ba uwarsa shawara, mai saurin numfashi ku tura shi asibiti.

Magidanta, kuɗin mota da izinin fita suna hannunku. Idan uwar ɗa ta ce numfashin yaron nan bai yi mata ba, ku tashi.

Rigakafi kuma ya fi magani. A kai jariri allurar mako 6, da mako 10, da mako 14. A cikinsu akwai ta mashaƙo, da ta tarin shiƙa, da ta nimoniya. A wata 9 a kai shi ta ƙyanda. Kyauta ake yin su a asibitocin gwamnati. A shayar da nono zalla wata 6. A wanke hannu da sabulu. A koya wa yara rufe baki da gwiwar hannu idan za su yi tari.

Kafin mu rabu, ga abu uku da za ku tafi da su. Na ɗaya, antibayotik ba ya maganin mura, ko majina ta yi kore. Na biyu, ku ƙirga numfashi: 60, 50, 40, ku kuma duba ƙasan ƙirji. Na uku, idan likita ya rubuta, a cika adadi, a cika kwanaki.

Yau da dare, idan yara sun yi barci, ku gwada ƙirga numfashin ɗaya daga cikinsu tun yana lafiya, don hannu ya faɗa kafin ranar bukata. Gobe kuma ku koya wa maƙwabciya.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi na gida da na asibiti.